Jan ɗigo a ƙarƙashin mota: yadda muka gano inda man giyata yake yoyo

Uwargida ce ta fara gani. Wata safiya cikin watan Afrilu tana shara a inda nake ajiye mota a gidanmu na Mabera, sai ta ɗaga murya ta ce, "Malam, taho ka duba. Wanga jan abu fa, daga ina ya hito?" Na fito na tsuguna. Tabo ne a kan siminti, faɗinsa bai wuce bakin kofin shayi ba, ja kamar an zubar da soɓo, amma da na shafa da yatsa sai na ji santsi. Na shinshina, ba warin fetur ba ne, ba kuma na baƙin mai ba. Na ce mata ba komai, na shiga mota na tafi makaranta.

Motar Toyota Camry ce ƙirar 2004, mai injin lita 2.4, atomatik, 'yar Kwatano. Shekara shida ke nan tana hannuna, da ita nake zuwa aiki, da ita nake kai yara makaranta, kuma duk bayan mako biyu da ita nake zuwa Gwadabawa gaida mahaifiyata. Ba ni da wata bayanta, kuma albashin malamin makaranta ba zai sayi wata ba a wannan zamani. Na faɗi haka ne don mai karatu ya san dalilin da ya sa na ɗauki lamarin da zafi daga baya, da kuma dalilin da ya sa na zauna na rubuta shi dalla-dalla.

Abin da na yi da farko shi ne abin da yawancinmu muke yi, wato ƙari. In na ga ɗigon ya yi yawa sai in tsaya bakin hanya in sayi lita ɗaya ta man giya, yaro ya zuba mini, in wuce. Wata biyu ina haka. Ban taɓa tambayar wane irin mai ake zuba mini ba, ban kuma auna yadda ya kamata ba. Jan mai dai jan mai ne a ganina a lokacin.

Ran da hankalina ya tashi muna hanyar Gwadabawa ne, ni da uwargida da yara uku, rana tsaka, zafin nan na Sakkwato da ke haura digiri 40. Mun wuce Kware kaɗan na taka totur zan wuce wata babbar mota, sai injin ya yi ƙara ya hau sama, amma motar ba ta ƙara gudu ba. Kamar daƙiƙa biyu tana haka, sannan giyar ta kama da wata irin fizga da ta sa kowa ya yi shiru a cikin motar. Na koma hannuna, na rage gudu, muka ƙarasa a hankali. Sai a lokacin na tuna cewa kwana da kwanaki in na sa ta a D da safe takan ɗan yi jinkiri kafin ta ɗauka, ribas ma haka. Ruwa ba ya tsami banza, ni ne ban kula ba.

Daga baya na fahimci abin da ya faru. A mota mai giyar hannu, aikin mai shi ne shafe haƙoran ƙarfe don kada su ci juna. A atomatik kuwa man shi ne ke aikin gaba ɗaya. Shi ke ɗaukar ƙarfin injin ya miƙa wa giya ta cikin abin nan da makanikai ke kira konbata, shi famfo ke turawa da ƙarfi ya matse faifan kulochin da ke ciki duk lokacin da giya za ta canza, shi ke shafe ƙarafa, kuma shi ke kwashe zafi ya kai lagireto ya huce. In ya yi ƙasa, famfo sai ya riƙa zuƙar iska tare da mai, ƙarfin matsewa ya ragu, faifan su riƙa zamewa a kan juna suna ƙonewa. Wannan zamewar ce na ji a bayan Kware. Kowace irin zamewa tana cin faifan, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa.

Washegari na kai ta wani gareji da ba zan ambaci sunansa ba. Mai garejin ya leƙa ƙarƙashi, ya ga kaskon giya, inda man ke taruwa, jiƙe sharkaf da mai da ƙura, ya ce fakin kasko ne ya mutu, wato shimfiɗar da ke tsakanin kasko da giya don hana yoyo. Suka kwance kaskon, suka sa sabon faki, suka lafta masa jan gam sama da ƙasa, suka ɗaure notuna da iyakar ƙarfinsu, suka zuba mai. Na biya na tafi. Kwana biyu ɗigo ya dawo, har ya fi na da. Na koma. Wannan karon ko leƙawa bai yi sosai ba, ya ce tunda ba kasko ba ne to sil ɗin konbata ne, wato zoben robar da ke hana mai fita, sai an sauke giya. Ya faɗi kuɗin aiki, na ji ya kusa albashina na wata. Na ce zan yi shawara.

Ba na cewa mutumin ya yi niyyar cuta ta. Abin da na tabbatar shi ne bai nemi inda man yake fitowa ba, ya dai duba inda yake ɗiga ya yanke hukunci, da bai dace ba ya tsallaka zuwa mafi tsada. Wannan shi ne abin da ya fi ɓata mini rai, domin na san mutane da yawa a garin nan da aka sauke musu giya a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma giyar da aka sauke aka mayar a ƙasa cikin ƙura ba kullum take komawa yadda take ba.

Wani abokin aikina da ke koyar da lissafi shi ya ce in je wajen wani dattijo a yankin Sahara, inda masu sayar da kayan gyaran mota suke. Ya ce ba ya sauri, amma in ya taɓa abu ya taɓu. Na same shi zaune a kan benci ƙarƙashin dogon yaro, da farin gemu, hannayensa baƙi ƙirin da mai. Muka gaisa, na ce, "Baba, mota na kawo, man giya take zubarwa, an ce sai an sauke giya."

Ya ce, "Malam, wanda ya hwaɗa maka haka, ya wanke ta kahin ya hwaɗi?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To bai gani ba. Mai ba shi hawa bisa, ƙasa shi ka gangarowa, iska kuma ta kore shi baya. Inda ka ga ɗigo ba nan ya hito ba."

Ya sa yaronsa ya raka ni wurin wankin mota, aka hau da ita rami, aka wanke ƙarƙashin injin da giya tas da ruwan sabulu, ana kiyaye wayoyi da na'urorin lantarki kada ruwa mai ƙarfi ya doke su. Muka dawo, ya bar ta a rana ta bushe, a Sakkwato kuwa wannan ba ya ɗaukar lokaci. Ya auna mai ya cika shi daidai. Sannan ya aiki yaron ya sayo hodar jarirai ƙaramar roba, ya shiga rami da tocila ya riƙa barbaɗa ta yana hurawa: kewayen kasko, wurin da shaf biyu, sandunan ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, suke shiga giya, gindin bututun geji, wato sandar auna mai, mahaɗar injin da giya, da tiyo biyu da suka taso daga giya suka nufi ƙasan lagireto. Komai ya yi fari fat. Ya fito ya ce in tafi in zaga, in bi baifas in dawo, kada in yi ƙasa da minti ashirin, yana son man ya yi zafi.

Kafin in tafi ya nuna mini wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Ya ce ba kowane jan ɗigo ne man giya ba. A irin motata man sitiyari ma ja ne, domin dangin man giya ake zuba masa, sai dai famfonsa da tankinsa suna ɓangaren dama, giya kuwa tana hagu wajen direba. Ruwan lagireto na Toyota shi ma ja ne ko ruwan hoda, amma shi ruwa-ruwa yake, ba shi da santsin mai. Baƙin mai sunansa ya nuna shi. Man giya sabo ja ne garau, in ya tsufa ya koma ruwan ƙasa, in ya ƙone ya yi duhu yana ƙauri. Ya ce duk mai mota ya kamata ya shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashinta da dare, da safe launi da wurin da ɗigon ya faɗa za su ba shi rabin labari kafin ya je wajen kowa.

Da na dawo bai bari na kashe injin ba. Ya ce in ja burkin hannu, in bar ta a P tana silo a kan rami, ya kira ni in sauko in gani da idona. Na sauka, zafin injin yana dukan fuskata. Ya haska tocila a mahaɗar injin da giya, inda aka ce mini nan ne ciwon. Hodar tana nan fari ƙal, ko ɗigo babu. Ya matsa gaba ya haska ƙasan lagireto. A daidai inda ɗaya daga tiyon nan biyu ya shiga bakin ƙarfe, ƙarƙashin kilif, hodar ta rine ta zama ja, kuma muna kallo wani ɗigo ya taru ya faɗo. Daga nan wani siririn jan layi ya bi jikin tiyon ya yi baya, ya bi ƙarfen da ke ƙarƙashin mota, ya je ya taru a gefen kaskon giya. Wato duk man da aka gani a kasko daga gaba iska ta koro shi. Ya lanƙwasa tiyon da yatsa, sai ga tsaga ta buɗe, robar ta bushe ta yi tauri kamar tsohuwar fata. Shekara da shekaru na zafin injin da zafin garinmu sun gama da ita.

Ya yi mini bayanin dalilin da ya sa ɗigon gida yake ƙarami alhali man yana ƙarewa da sauri. Wannan tiyo sai injin yana aiki famfo yana tura mai ta cikinsa yake zubarwa sosai, saboda haka yawancin man a kan kwalta nake barinsa, abin da muke gani a siminti ragowar da ta maƙale a jikin ƙarfe ce kawai. Ya ce da tsagar ta ƙarasa buɗewa a hanya, cikin 'yan mintuna giyar za ta zubar da manta, motar ta tsaya cak. Kuma in man ya fesu a kan salansa mai zafi yana iya kamawa da wuta. Na tuna yarana uku a kujerar baya a hanyar Gwadabawa, jikina ya yi sanyi.

Bai tsaya nan ba. Ya ce tunda hoda tana jiki a gama dubawa. A wajen shaf na hagu, inda yake shiga giya, akwai ɗan dausayi ja da ya kewaye bakin sil, bai kai ga ɗiga ba amma ya fara. A kasko kuma, wanda lafiyarsa lau kafin a taɓa shi, yanzu hoda ta jiƙe a wurare uku, duk a tsakanin notuna. Wannan aikin garejin farko ne. Kaskon siririn ƙarfe ne, in aka matse noti fiye da kima sai bakin ramin ya lotsa, faki ya tsage a ƙarƙashinsa, tsakanin noti da noti ya ɗaga. Na je neman maganin yoyo ɗaya, na dawo da biyu.

Sauran wuraren da ya duba duk a bushe suke, amma ya lissafa mini su don in sani: washar notin da ake juye mai, wadda ake so a sauya duk lokacin da aka kwance shi, ƙaramar robar da ke gindin bututun geji, sil ɗin sandar da ke juyawa in ka matsa giya daga P zuwa D, robobin na'urorin auna gudu da ke soke a jikin giya, da ɗan bututun numfashi da ke samanta, wanda kan tofar da mai in an cika shi fiye da kima ko giya ta yi zafi ainun. Jikin giyar ma kan tsage in dutse ya doke shi, abin da ba baƙo ba ne ga mai bin hanyoyin ƙauye da damina. Yawancin waɗannan ana gyara su giya tana jikin mota.

Sil ɗin konbata fa? Ya ce yana mutuwa, ba ƙarya ba ne, kuma in ya mutu babu makawa sai an raba giya da injin. Alamarsa ita ce bayan an wanke an bushe, jan mai ya riƙa fitowa daga ƙasan mahaɗar injin da giya, alhali duk abin da ke sama da gaba a bushe. In man da ke fitowa daga nan baƙi ne, to sil ɗin bayan injin ne, ba na giya ba. Ya ce shi ba ya sauke giya sai ya nuna wa mai mota wannan da idonsa.

Ya buɗe murfin lagireto bayan ta huce, ya leƙa, ya kuma zaro geji ya goga a farar takarda. Na tambaye shi me yake nema. Ya ce akwai yoyon da ba ya ɗiga ƙasa ko kaɗan, kuma ya fi kowanne muni. Bututun da man giya ke bi ya huce yana cikin tankin lagireto ne, ruwa na kewaye da shi. In ya huje, mai da ruwa sai su gauraya, ka ga ruwan lagireto ko man giya ya koma kamar an dama madara da soɓo. Ruwa kuwa yana ɓata faifan kulochi. Wanda ya ga haka kada ya ƙara tuƙa motar ko zuwa bakin titi. Ya ce masu zuba ruwan rijiya ko na famfo zalla a lagireto su suka fi gamuwa da wannan, domin tsatsa ke cin bututun. Nawa dai Allah ya kiyaye, ruwa daban mai daban.

Aikin ya ɗauke mu yini guda, kuma ban matsa ko'ina ba sai sallah. Tiyo ya fara sauyawa, duka biyun, ya ce tare aka haife su tare za su mutu. Ya ƙi karɓar wanda yaron ya fara kawowa, ya ce wannan tiyon fetur ne, ba zai jure zafin man giya da ƙarfinsa ba, a kawo wanda aka yi don man giya. Ya sa sababbin kilif, ya zaunar da kowanne a bayan ɗan tudun da ke bakin ƙarfen.

Sil ɗin shaf ya fi cin lokaci. Sai da aka cire taya, aka kwance babban notin tsakiya, aka saki ƙafar, sannan ya sa ƙarfe ya ɓalle shaf ɗin daga giya, mai ya ɗan zubo cikin kwano. Ya ciro tsohon sil a hankali don kada ya karce mazauninsa. Ya goge wuyan shaf ɗin ya bi shi da farce, ya ce in ƙarfen ya yi zurfin layi a inda leɓen sil ke gogawa, ko sabon sil goma ka sa sai ya yi yoyo. Nawa sumul yake. Ya shafa wa leɓen sabon sil mai, ya ɗora shi daidai, ya sa wani guntun bututu mai faɗinsa yana bugawa kaɗan-kaɗan yana kewayawa har ya zauna ba karkata. Da zai mayar da shaf ya riƙe shi da hannu biyu ya shigar da shi a miƙe, don haƙoransa kada su yanki sabuwar robar.

Kasko shi ne inda na ga abin da ya tsaya mini a rai. Noti 18 ne ke riƙe da shi. Da ya sauke shi ya kira ni ya nuna mini guntayen jan gam, wasu kamar zare, suna kwance a cikin mai, wasu sun maƙale a bakin matatar giya. Gam ɗin da aka lafta ne ya matso ciki ya gutsuttsure. Ya ce ƙananan hanyoyin da mai ke bi a cikin giya wasunsu ba su fi ƙofar allura girma da yawa ba, guntu ɗaya ya isa ya maƙale bawul giya ta rikice. Akwai giyoyin da tun daga kamfani da gam ake haɗa kaskonsu, su gam nasu ne, kuma siririn layi ake ja. Irin tawa faki gare ta, ba ta bukatar gam. Ya ciro maganaɗisun da ke ƙasan kasko ya nuna mini laushin toka-toka da ya lulluɓe su, ya ce wannan cin yau da kullum ne, ba abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko baƙaƙen ɓawon kulochi. Ya murza a yatsunsa ya ce, "Ka yi sa'a, Malam. Ta ji jiki amma ba ta ƙone ba."

Ya kankare tsohon gam, ya wanke kaskon ya bushe, ya kifa bakinsa a kan katako yana bubbuga kowane ramin noti da ƙaramar guduma har ya koma daidai, yana ɗora ƙarfe miƙaƙƙe yana dubawa. Ya sa sabuwar matata, sabon faki, ya ɗaura notunan da hannu tukuna, sannan ya bi su da ƙaramin sufana yana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, zagaye biyu, ba ƙarfi. Da na duba littafin gyaran motar daga baya na ga ƙarfin da aka ƙayyade wa waɗannan notuna bai kai 8 ba a ma'aunin ƙarfin ɗaure noti da ake kira Nm, alhali notin juye mai 49 ne. Shi bai san lambar ba, hannunsa ne ya sani.

Sai maganar mai. Ya zaro geji ya nuna mini rubutun da ke jikinsa, T-IV. Shekara shida ina riƙe wannan geji ban taɓa karanta shi ba. Wannan shi ne irin man da Toyota ta ƙayyade wa giyata. Sababbin Camry daga 2007 wani iri suke sha mai suna WS, Honda tana da nata, motoci masu wani nau'in giyar atomatik da ake kira CVT kuma nasu daban ne gaba ɗaya, in aka zuba musu na atomatik na yau da kullum an kashe su. Ni kuwa wata biyu ina zuba duk abin da aka miƙo mini. Giyar tana ɗaukar kimanin lita takwas, amma in an sauke kasko abin da ke fita bai wuce uku da rabi zuwa huɗu ba, sauran yana cikin konbata da hanyoyi. Saboda haka ya ce in dawo bayan mako biyu a sake juyewa a zuba sabo, don gaurayen da ke ciki ya ragu. Ya tura ni da kaina in sayo man, ya ce in duba hatimin murfi da kyau, domin jabu ya yi yawa a kasuwa, kuma in ga an karya farashi ƙwarai in bar shi.

Awon ma ashe yana da ƙa'ida, kuma ba irin ta baƙin mai ba ce. Ana auna man giya ne injin yana aiki, mota a wuri mai daidai, bayan an yi tafiya man ya yi zafi, wajen digiri 70 zuwa 80. Ka taka burki, ka bi da giya kowane matsayi daga P har ƙasa kana ɗan tsayawa, ka dawo P, ka zaro geji ka goge da tsumma mai tsabta marar zare, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Man ya tsaya a tsakanin alamomin da aka rubuta HOT. Alamar COOL ta kintace ce kawai lokacin da ake zubawa. Ni da injin a kashe nake aunawa, sai ya nuna mini ya cika alhali yana ƙasa. Cikawa fiye da kima ita ma illa ce, domin ƙarafan da ke juyawa sukan kaɗa man ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse kulochi. Wannan tsarin na irin motata ne. Wasu motocin da injin a kashe ake auna nasu, da yawa daga sababbi ma ba su da geji sam, ta wani noti a jikin giya ake aunawa a wani zafi na musamman, don haka kowa ya duba littafin motarsa.

Na tambaye shi game da ruwan nan na kwalba da ake cewa in an zuba a giya yana tsayar da yoyo, domin har an taɓa tallata mini shi. Ya ce abin da yake yi shi ne kumbura roba. Yana iya rage dausayin tsohon sil na ɗan lokaci, amma ba ya ɗinke tsagaggen tiyo, ba ya miƙe lotsattsen kasko, kuma duk robar da ke cikin giya zai taɓa, har da masu lafiya. Ni dai ban zuba ba, kuma ba zan ba wani shawarar ya zuba ba.

Abu biyu zan roƙi duk wanda zai duba tasa da kansa. Kada ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ya nemi rami ko ya tokare ta da abin da ba zai goce ba, musamman tunda wannan dubawa da injin a kunne ake yin ta, ga fanka ga bel suna juyawa, ga mai da zafinsa ke sale fata. Tsohon man kuma kada a zubar da shi a kwata ko a tsakar gida inda yara da awaki suke, a zuba a jarka a mayar gareji.

Duka abin da na kashe, kayan da mai da ladan Baba, bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da aka yanka mini na sauke giya ba. Da zan tafi ya sake barbaɗa hoda a wuraren da ya taɓa, ya ce in dawo jibi ya gani. Na dawo, muka sauka rami tare, ko'ina fari. Jinkirin safe ya tafi tun a makon farko. Fizgar ma ban sake ji ba, ko da yake har yanzu in na zo daidai wurin nan bayan Kware nakan sassauta ƙafa ina sauraron injin.

A daren da aka gama aikin na yanko kwalin taliya na shimfiɗa a ƙarƙashinta, na ɗora dutse a kai don iska. Da asuba bayan na dawo masallaci na jawo shi na haska da waya, babu komai sai ƙura da sawun ƙadangare. Uwargida ta goge tsohon tabon da toka da ruwan zafi har sau uku, ya dushe amma bai fita duka ba. Kwalin yana nan jingine bayan ƙofar gareji, ranar Alhamis da dare nake shimfiɗa shi, Juma'a da safe in duba kafin mu kama hanyar Gwadabawa.